Kududdufin Tungar Sheshi

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki aka yi wa mijin Elizabet Gaiya canjin wurin aiki daga Kafanchan zuwa Minna. Suka kama haya a Sauka Kahuta, a bayan wani shagon walda, ita kuma ta samu koyarwa a wata babbar makaranta. Digirinta na uku a kan nazarin rayuwar al'umma ne, wato yadda mutane suke zama, abin da suke ci, abin da suke tsoro, da dalilin da ya sa suke yin abin da suke yi. Maƙwabta da suka ji ana ce mata Dakta sai suka fara kawo mata yara masu zazzaɓi. Ta gaji da bayanin cewa ita ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. Wata tsohuwa ta taɓa tambayarta, to daktar mece ce ita? Ta ce ta tambaya. Tsohuwar ta ja hannun jikanta suka tafi kemis.

Wata Bafulatana mai suna Lauratu ce take kawo musu nono da man shanu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma kullum tana tafe da 'yarta Hussaina, wadda ba ta wuce shekara biyar ba. Hussaina da Hope, 'yar Elizabet, kusan sa'o'i ne, don haka kafin a gama auna nono sun riga sun fara wasa. Wata rana yarinyar ta tsuguna a bakin kwata ta yi fitsari, Elizabet tana tsaye da kwano a hannu ta ga ƙarshen fitsarin ja ne. Ta tambayi Lauratu ko ta lura. Lauratu ta ce ai tsargiya ce, kusan duk yaran wajensu haka suke, na ruga da na cikin ƙauye. Ta faɗe shi kamar yadda mutum zai ce yaro yana mura.

Ranar Asabar da ta zagayo Elizabet ta shiga motar Bida ta sauka gaba da Garatu kaɗan, inda Lauratu ta kwatanta mata.

Tungar Sheshi ƙaramin ƙauye ne na manoman doya, a hannun dama idan an baro Minna. Rugar su Lauratu tana hannun hagu, can ciki, bayan wasu itatuwan kaɗanya. Tsakanin rugar da kwalta akwai wani ƙaton kududdufi. Masu aikin hanya ne suka haƙa shi tun shekarun baya suna ɗibar jan ƙasa, suka tafi suka bar ramin, ruwan damina ya cika shi, kuma ba ya ƙafewa ko da bazara. A nan shanu suke sha. A nan matan ruga suke wanke ƙore, su yi wanki, su ɗebi na girki. Da rana ta take sai yaran ƙauye su tsallako su yi ta iyo tare da na ruga. A gefen ruwan, cikin ciyayi, ƙananan dodon koɗi ne birjik, kuma Elizabet ta san su ne suke ɗauke da cutar. Famfon burtsatse guda ɗaya ne a duk yankin, yana ƙofar gidan mai unguwa, a tsallaken titi.

Da farko ta ɗauka aikin 'yan watanni ne. Sai da ta yi shekaru tana zuwa. Duk Asabar, duk hutun makaranta, tana can zaune a gindin kaɗanya tana kallon wanda ya zo ruwa da lokacin da ya zo, tana taya mata tsinkar rama, tana koyon Fulatanci kalma-kalma har suka daina yi mata dariya. A ƙauye ma ta saba da matan, tana bin su gona lokacin cirar doya. Suna kiranta Maman Hope, ita kuma tana kiran Lauratu Uwar biyu, kamar yadda ta ji kowa yana yi, ko da yake ba ta taɓa ganin ɗan'uwan tagwaicin Hussaina ba.

Abin da ta gano bai yi kama da abin da ake faɗa a ofisoshi ba. Babu macen da ba ta san ruwan kududdufi yana sa ciwo ba. Sai dai famfon yana da layi, kuma layin yana da tsari. Gidan mai unguwa ne farko, sai sauran matan ƙauye, sai a ƙarshe matan ruga idan ruwa ya rage. Da bazara famfon yakan fara tari tun hantsi, ya ɗauke. Macen da ta tsaya jiransa ta rasa cinikin nono na ranar. Sannan ga titi, wanda tankokin mai suke gangarowa a kansa ba birki.

Sai a shekara ta uku Lauratu ta ba ta labarin Hassan. Suna zaune tana kaɗa nono, ba tare da an tambaye ta ba ta ce yaron ya biyo ta ne wata safiya za ta famfo, ba ta san yana bayanta ba. Ta tsallaka, shi bai tsallaka ba. Tun daga ranar mazan ruga suka hana yara zuwa wajen titi, matan ma suka rage zuwa.

"Wannan ruwan yana cin yaro a hankali," in ji Lauratu. "Titi kuwa nan take. Idan ke ce, Maman Hope, wanne za ki zaɓa?"

Elizabet ta yi mata sallama. Ta koma gida ta rubuta rahoto, kuma abin da ta nema a ciki ba mai yawa ba ne. A tona famfo na biyu a ɓangaren ruga, da wurin wanki a gefensa. A riƙa bai wa yaran duka ɓangarorin maganin tsargiya duk shekara. A bar kududdufin saboda shanu, domin shi ne ya zaunar da rugar a wurin.

Daga nan ta fara yawo da rahoton. Masu kula da lafiya suka ce aikin yana da kyau, amma babu isassun alƙaluma, hirar mata ce ta yi yawa. Masu kula da ruwa suka ce ƙauyen yana da famfo a rubuce, ba za a ba shi na biyu ba alhali wasu ba su da ko ɗaya. Da ta ce rugar ce ba ta da shi, aka duba taswira aka ce babu wani gari a wurin. A makarantarta kuma, da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ya ce rubuce-rubucenta sun fi kama da na ma'aikatan lafiya, ta nemi abin da ya shafi fanninta. Waɗanda ta riga fara aiki suka wuce ta. Ta halarci tarurrukan ƙara wa juna sani a otal-otal har ta daina ƙirgawa. Duk inda ta yi bayani sai a tafa mata, sannan shugaban taro ya taƙaita da cewa Dakta ta nuna mana muhimmancin wayar da kan mutanen karkara. Sau da yawa takan ɗaga hannu ta ce ba haka ta faɗa ba, amma a lokacin an riga an fara raba abinci.

Sau ɗaya ta samu wata nas, Felicia, 'yar cocinsu, ta nemo musu magani suka je suka raba. Fitsarin yaran ya washe, iyaye suka yi murna, aka cika mata but ɗin mota da doya. Kafin damina ta sake zagayowa jinin ya dawo, domin yaran ba su da wani ruwan da za su shiga sai wannan. A gida mijinta ya fara cewa ita da ƙauyen nan kamar an yi mata asiri. Hope, wadda ta shiga sakandare a lokacin, ta daina tambayar ko mamanta za ta zo ranar ziyara.

Wajen shekara ta tara da fara zuwanta aka kira ta a waya. Mai kiran ya ce sunansa Ndatsu, jami'i ne a wata ƙungiyar agaji da ta buɗe ofis a Minna, kuma ya karanta rahotonta daga farko har ƙarshe. Ta gwada shi da tambayoyi biyu, ya amsa daidai. Shi ne mutum na farko da ta tabbata ya karanta. Ranar ta dawo gida da kaza, mijinta ya yi ta tsokanarta.

Ndatsu mutum ne mai natsuwa, ɗan Bida, mai yawan cewa "babu damuwa, Dakta". Ta kai shi Tungar Sheshi da kanta. Ta kai shi ruga, ta gabatar da shi ga Jafaru, mijin Lauratu, wanda shi ne babba a wurin, ta ce musu wannan mutumin kirki ne, su faɗa masa komai. Suka shimfiɗa masa tabarma, suka dama masa fura. Daga baya ya dawo da injiniya da masu awo, aka yi taro a gindin mangwaron mai unguwa. Mutanen ƙauye suka zauna a benci, mazan ruga suka tsaya a baya riƙe da sandunansu.

Bayan wasu watanni Ndatsu ya kira ta ofis ya nuna mata abin da aka amince da shi. Za a gyara tsohon famfo a ƙara masa zurfi. Za a raba magani. Za a buga hotuna a yi wasan kwaikwayo na wayar da kai. Sannan za a cike kududdufin.

Ta karanta sau biyu. Ta tambaye shi ina famfon ruga. Ya ce dokar ƙungiyarsu ba ta yarda a tona famfo a filin da mai shi bai sa hannu ba, filin kuwa na ƙauye ne, kuma mai unguwa ya ƙi sa hannu. Dattawansa sun ce idan aka yi wa Fulani famfo sun zauna ke nan har abada, gobe su ce ƙasar tasu ce. Game da kududdufin kuma, manyan Ndatsu a Abuja sun karanta rahotonta sun ga a nan cutar take, suka ce a kawar da tushen.

"Yallaɓai Ndatsu, shafi na gaba fa? Inda na ce kada a taɓa shi?"

"Na nuna musu, Dakta. Sun ce su aikinsu lafiyar yara ne, ba shayar da shanu ba."

"Yaran nan nonon shanun suke sha. Idan shanu suka rasa ruwa, tashi za su yi."

"Na sani."

"Ka sani, kuma ka sa hannu."

Ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce idan ya ƙi, za a ɗauke aikin gaba ɗaya a kai wata jiha, yaran ƙauyen ma su rasa. Ya ce ita malama ce, tana iya rubuta gaskiya ta tafi gida, shi kuwa dole ya zaɓi abin da za a iya yi. Ta ce masa bai san sau nawa ta so ta tafi gida ta kasa ba. Ta fita ba ta yi masa sallama ba.

Ta je wurin mai unguwa har sau uku. Ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma ƙasa ta kakanni ce, ba shi kaɗai yake da ita ba. Ta rubuta wa ofishin Abuja, aka amsa mata da godiya. Ta gaya wa Jafaru abin da ke tafe. Ya saurare ta har ta gama, ya ce to, Allah ya kyauta, ya tashi ya bi shanunsa.

Da rani aka kawo katafila da tifofi. Elizabet ta bar ajinta ta zo. Aka fara yanka hanya ruwan ya malale cikin kwari, yaran ƙauye suna bin kifi da kwanduna suna ihu, sannan tifofi suka shiga juye ƙasa. Shanun ruga sun taho shan ruwa kamar kullum, suka tsaya cirko-cirko a bakin taɓo, makiyaya suna kora su suna dawowa. Matan ruga suna tsaye daga nesa da ƙore a kansu. Elizabet ta nufe su. Waɗanda suka saba tarbarta da wasa suka kau da kai. Lauratu ce kawai ta dube ta.

"Maman Hope, kafin ki zo muna da ciwo, muna da ruwa."

"Uwar biyu, wallahi ba wannan na roƙa ba."

"Na yarda. Amma ke kika nuna musu hanya."

Lauratu ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara ƙwaryarta ta juya, Hussaina ta bi ta. Yarinyar ta girma a lokacin, sai dai siririya ce ƙwarai, idanunta fari fat saboda ƙarancin jini.

Rugar ta jure wata guda tana kai shanu wani rafi mai nisa, har 'yan maruƙa suka fara mutuwa. Da Elizabet ta dawo wata Asabar sai ta tarar da da'irar bukkoki babu kowa, sai turaku da toka. A ƙauye aka ce sun yi kudu. Wani ya ce wajen Kataeregi, wani ya ce sun wuce nan. Nono ya daina zuwa gidanta a Sauka Kahuta.

Shekara biyu bayan haka ƙungiyar ta shirya bikin kammala aiki a wani otal, aka aiko mata da katin gayyata, aka zaunar da ita a babban tebur. Aka haska alƙaluma a bango. Kafin aiki, yara masu tsargiya sun fi rabi. Bayan aiki, ba su kai ɗaya cikin goma ba. Zauren ya ɗauki tafi. Mai unguwa ya yi godiya, yaran firamare suka yi waƙar wanke hannu. Sannan aka kira Dakta Elizabet Gaiya, wadda bincikenta ya haifar da wannan nasara, ta zo ta karɓi lambar yabo.

Ta karɓi makirufo maimakon lambar. Ta ce yaran ƙauye sun samu sauƙi, wannan gaskiya ne, kuma ta yi murna. Amma awon farko an yi shi ne da yaran ruga a ciki, su ne suka fi kowa ciwo, awo na biyu kuwa babu su, domin aikin ya kore su. Ta ce waɗannan yaran ba warkewa suka yi ba, ɓacewa suka yi daga lissafi, kuma babu wanda ya san inda suke, har da ita. Mai gabatarwa ya karɓi makirufo yana murmushi, ya ce lallai Dakta ta tuna mana cewa akwai sauran aiki a gaba, a tafa mata. Aka tafa, aka miƙa mata lambar. Da rahoton bikin ya fito, hotonta yana ciki tana riƙe da lambar, maganarta ba ta ciki.

A wurin ajiye motoci Ndatsu ya same ta tana neman makulli a jaka. Bai yi maganar jawabin ba. Ya ce akwai kwalin magani da ya rage, wanda aka ware wa yaran ruga tun farko, kuma ya samu izinin miƙa shi ga duk nas ɗin da za ta iya kaiwa. Ya kuma ce wani direbansu ya ga sabbin bukkoki a bakin wata fadama gaba da Kataeregi. Ta dube shi, tana so ta faɗa masa magana mai zafi, sai ta ga ya fi ta gajiya. Ta buɗe masa but.

Sai da ita da Felicia suka yi tafiya uku kafin su sami su Lauratu. Motar ta kasa shiga, suka ƙarasa a kan babur. Rugar tana gefen gonakin shinkafa, ruwa kwance ko'ina, yara tsamo-tsamo a ciki suna korar maruƙa. Elizabet ta tsuguna ta ɗaga wani ganye a bakin ruwan, ta ga dodon koɗin da ta san za ta gani, ta mayar da shi.

Jafaru ya amsa gaisuwarsu, ya ba da izini a raba maganin. Hussaina ba ta nan, tana asibiti a Bida tare da wata gwaggonta, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ciwon ya taɓa ƙoda. Lauratu ta faɗi haka tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta tsufa fiye da shekarun da suka wuce. Ta kawo musu nono a ƙwarya, ta tambayi Hope, ta ji cewa tana shirin shiga jami'a, ta ce Allah ya taimaka. Da za su tafi ta raka su har inda baburan suke.

"Idan kina so ki riƙa zuwa, ki zo," ta ce. "Ke da wannan mai maganin. Amma kada ki rubuta inda muke, kada ki kawo kowa."

Elizabet ta so ta ce mata idan ba a rubuta ba babu wanda zai taɓa tona musu famfo, kuma ita ba ta da wani abin da ta iya sai rubutun. Sai ta tuna an rubuta ɗin a baya, da abin da ya jawo musu. Ta ce ta ji, ta yi alkawari.

Ta cika alkawarin. Ta ci gaba da zuwa fadamar duk bayan 'yan watanni, ita da Felicia, da maganin da suka iya samu, yaran suna warkewa suna sake kamuwa. Hussaina ta rayu, amma ba ta ƙara iya ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa ba. Abin da Elizabet ta gani a can ya fi duk abin da ta taɓa rubutawa muhimmanci, kuma ba ta buga ko layi ɗaya a kansa ba. Da kwamitin ƙarin girma ya sake zama, aka ce shekaru sun wuce ba ta fitar da sabon bincike ba, aka bar ta a matsayinta. A Tungar Sheshi kuwa an shuka rogo a inda kududdufin yake, mai unguwa yana aiko mata da doya duk kaka, ita kuma takan sa a kai wa maƙwabta.